Tambaya ga lauyoyi: ɗan ƙwallo ya faɗi gwajin tramol, ga kuma 'yan sanda

Assalamu alaikum malamai, lauyoyi da likitocin wasanni. Ana neman shawararku kan shari'ar wani ɗan ƙwallo a nan Garwa, ƙasar Kamaru.

An ɗebi fitsarinsa bayan wasa aka raba shi kwalba biyu, A da B (ana gwada A, a ajiye B don tabbatarwa), kwalbar A ta nuna tramol, wanda WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta hana a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Ya ce kwana biyu kafin wasan ya sha saboda ciwon gwiwa, a wajen mai tallar magani a bakin kasuwa ya saya, ba takardar likita. To, "ban sani ba" ba hujja ba ce. In an ga abu a jikinka, laifin ya tabbata. Dakatarwar shekara 2 ce, sai in an tabbatar da ganganci ta koma 4.

Ga inda gizo ke saƙar. Ba zai samu sassauci ba sai ya nuna yadda maganin ya shiga jikinsa, wato ya faɗi wurin da ya saya da ranar da ya sha. Amma 'yan sanda sun riga sun same shi da ragowar ƙwayoyin, wannan bayanin kuwa ikirari ne tsirara.

Shin mai gabatar da ƙara zai iya ɗauko abin da ya faɗa gaban kwamitin ladabtarwa ya kafa hujja da shi a kotu? Wace shari'ar ya kamata a fara?

Buɗe kwalbar B kuwa, a ganina ɓata kuɗi ne tunda bai musanta shan ba. Ko akwai amfanin da ya wuce ni?