Wa ya "fara"? Muhawara kan horon ma'aikatan lafiya na Garkida

Bitrus: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai a ce taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ne mafarin kiwon lafiya matakin farko, ba a ko ambaton mishan. Tun 1974 'yan mishan na cocin Church of the Brethren suka fara shirin lafiyar karkara a Garkida, a jihar Adamawa ta yanzu. Ƙauye ya kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa, a horar da su wata 3 da labari da waƙa da wasan kwaikwayo, su koma gida da akwatin magani. A ba mai haƙƙi haƙƙinsa mana!

Malam Sani: Malam Bitrus, "fara" fa ka ce. Likitoci marasa takalmi na ƙasar Sin, wato manoman da aka ba gajeren horon lafiya, suna yawo ƙauyuka tun shekarun 1960.

Rifkatu: Malam Sani, duba Jamkhed a Indiya, 1970, aikin Dokta Raj Arole da matarsa Mabelle, Kiristoci ne. Christian Medical Commission kuma, wato hukumar lafiya ta Majalisar Coci-coci ta Duniya, an kafa ta a 1968, ta zauna da Hukumar Lafiya ta Duniya kafin Alma-Ata.

Malam Sani: 'Yan ƙasa ne su Arole, ƙasarsu suka yi wa aiki. Kowane Kirista ɗan mishan ne?

Hajiya Binta: In farawa ce, ungozoma ta riga kowa. Horo ya zo ya gyara mata hannu ne: sabulu, sabuwar reza, zare dafaffe, a daina gasa cibi da tsumma mai datti.

Ishaya: Ku bar farawa, ku dubi inda ake faɗuwa. Kwamiti ya zaɓi saurayi don ya iya boko, shekara ba ta zagayo ba ya tafi birni. Magidanci mai gona ko matar aure ne ke zama. Sai kuɗin magani: a yi ta ba dangi bashi, akwati ya ƙare, babu na sake saye. In mai duba aiki ya daina zuwa kuwa, ma'aikacin ya koma yin allura, don ita ke kawo kuɗi, alhali ba a koya masa ba.

Rifkatu: Gaskiya ne, Baba Ishaya. Ko haɗa ruwan gishiri da sukari na gudawa sai an yi ta maimaita darasin: lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali.

Ishaya: A'a, 'yata. Awon Najeriya mililita 600 ne, wato kwalbar giya 1 ko ta lemo 2, sukari ƙaramin cokali 10 a shafe ko ƙwaya 5, gishiri ƙaramin cokali 1 a shafe.

Hajiya Binta: Kwalbar giya a gidan wa? Ga irin ta nan, darasi bai san gidan da zai shiga ba.

Bitrus: Hajiya, ba awon mishan ba ne, na ƙasa ne. Kada a shafa musu kashin kaji.

Hajiya Binta: Ko na waye. Kwalbar lemo ma yanzu akwai mai mililita 350, akwai mai 500. Uwa ta rage ruwa, ta cika cokali har da tozo, gishiri ya yi yawa, yaro ya shiga jijjiga. A koya mata ɗanɗanawa, kada ya fi hawaye gishiri. In akwai ORS ta leda, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka auna, ita ce gaba: a lita 1, a zubar bayan awa 24, a haɗa da zinc miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14, rabi ga wanda bai kai wata 6 ba.

Talatu (mai kula da zaure): To, na taƙaita. An yarda Garkida ta riga Alma-Ata da shekara 4, kuma tsarinta na koyarwa da labari ya fi allo da alli. Sauran maganar ta kauce hanya.

Malam Sani: Anti Talatu, wa ya yarda? Ina kika kai Sin da ungozoma?