Ya yanka min dashbod don ya cusa rediyo, wai shi ne gyara

Mai Bitil 65: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Raina a ɓace yake, ku bari in amayar. Motata Volkswagen Bitil ƙirar 1965, wadda na daɗe ina tara kayanta ɗaya bayan ɗaya, an gama bodi, an yi fenti, rediyo kawai ya rage. Na kai wa wani mai wayarin, na ce ya nemo wanda zai shiga ramin da kamfani ya bari. Da na koma, sai na tarar ya sa injin yankan ƙarfe ya faɗaɗa ramin, ya cusa rediyon zamani mai fitilu ja da shuɗi suna ta walƙiya. Bakin yankan ko gogewa bai yi ba, fenti ya tsattsage, ga ƙarfe nan a fili. Dashbod ɗin Bitil ƙarfe ne haɗe da jikin motar, ba roba ba ce da za ka kwance ka sauya. Maganata ɗaya ce: duk wanda ya yanka dashbod ɗin motar asali saboda rediyo, ɓarna ya yi. Ko ka nemo rediyon zamaninta, ko ka ɓoye na yanzu inda ido ba zai gani ba. Yanzu yaya zan yi?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka ɗana. Abin da ciwo.

Ɗan Marsandi: Yallabai, ka ce motar asali. Ina da tambaya. Bitil ta 1965 da batir mai bolt 6 ta fito, sai a ƙirar 1967 suka fara komawa bolt 12. Rediyon zamani kuwa bolt 12 yake ci. To da wace wutar ya kama a motarka?

Mai Bitil 65: Na mayar da ita bolt 12 tun lokacin aikin inji, saboda tashi da safe da kuma hasken fitila.

Ɗan Marsandi: To ai magana ta ƙare. Ka sauya batir, ka sauya janareta, ka sauya kowane ƙwan fitila. Ina asalin yake?

Mai Bitil 65: Haba ɗan'uwa! Waɗannan duk da sifana ake kwance su, tsoffin suna nan a ajiye, gobe in na so in mayar. Ƙarfen da aka yanke fa?

Hajiya Mai Volvo: In dai asali ake nema da gaske, Bitil da yawa ba su fito da rediyo ba sam. Wani faranti ne mai launin motar yake rufe da ramin, sai mai saye ya ce yana so a sa masa. Don haka motar asali ita ce marar rediyo. Ka walde wurin, ka rufe, ka saurari injinka.

Tsohon Direba: Hajiya ba haka ba ne. Rediyon da dila ya sa ranar da aka sayi mota, shi ma asali ne. Rediyon Blaupunkt ƙirar Frankfurt muka sani a irin waɗannan motoci, maɓalli biyu na murɗawa, hagu da dama, allura tana tafiya a tsakani. Lasifika guda ɗaya tak, a bayan raga kusa da mitar gudu. Wanda bai ji wannan muryar ba bai san Bitil ba.

Hajiya Mai Volvo: Baba, da girmanka, abin da dila ya sa ba kamfani ne ya sa ba. In haka ne, tabarmar ƙafa ma da dila ya shimfiɗa sai mu kira ta asali.

Mai Wayarin: Ni abin da ya dame ni daban ne. Tun ɗazu ake ta jifan masu sana'armu. Mutum zai kawo mota ya ce yana son Bluetooth, yana son filashi, yana son amsa waya, sannan ya ce kada a taɓa komai. Rediyon yanzu girmansa ɗaya ne, milimita 180 a faɗi, 50 a tsayi, ma'aunin DIN ke nan na Jamus, wanda aka mayar na duniya a 1984. Motar 1965 ba ta san da wannan ma'aunin ba. Ko dai a yanka, ko mai mota ya nemo irin waɗanda ake ƙerawa yanzu da fuskar da, masu sanduna biyu da ake matsarwa su dace da ramin, kamar na kamfanin RetroSound. Ka kai masa irin wannan? Ko ka ce masa kawai "sa min rediyo" ka juya?

Mai Bitil 65: Na ce masa wanda zai shiga ramin. Da bai samu ba, waya ta gagare shi?

Mai Wayarin: Ban ce ya kyauta ba Oga. Amma kada laifin mutum ɗaya ya shafi kowa.

Mai Walda: Ai kullum haka kuke. Ku yanka, mu a kawo mana ɗinki.

Mai Wayarin: Ku kuma wayoyi nawa kuka narkar da wutar walda? Sau nawa aka kawo min mota daga hannunku fiyus yana ta ƙonewa?

Ɗan Marsandi: Shi ya sa nake cewa a nemi motar da aka yi da tunani. Marsandi W123 da ta fito a 1976, ka zare rediyonta na kamfanin Becker, ka tura wani, ba yanka ba walda. Becker kuwa tun 1953 suka fitar da rediyonsu mai suna Mexico mai neman tasha da kansa. Wannan shi ne asali.

Mai Fijo: An fara. Kowace magana sai an kawo Marsandi. Fijo 504 ce ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ku je ku tambaya. Kuma Blaupunkt da Baba ya ambata ya riga Becker ɗinku, tun 1932 suka yi rediyon mota, a 1952 suka kawo mai FM.

Ɗan Marsandi: Me ya haɗa kyautar mota da rediyo? Kuma Blaupunkt ɗin ma na Jamus ne, ba na Faransa ba.

Mai Fijo: Ni dai na san abin da na sani. Ƙarar 504 a kan hanya ta fi kowane Becker daɗi.

Hajiya Mai Volvo: Ku dawo kan asali. Taya fa? Akwai wanda yake yawo da tayar 1965 a nan? Mai, burki, bel, duk na yau ne. Kowa yana zaɓar abin da ya ga dama ya kira shi asali, abin da bai so ba ya kira shi ɓarna.

Tsohon Direba: 'Yata, taya abin ci ne, an yi ta don ta ƙare. Dashbod fuskar mota ce. Kana zaune, shi kake kallo tun daga tashi har sauka. Ni na ga Bitil da aka buɗe aljihun dashbod ɗinta, aka ɓoye ƙaramin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, a ciki, tsohon Blaupunkt yana nan a mazauninsa, fitilarsa tana kamawa, amma sautin daga wayar mai motar yake zuwa. Ba wanda ya yanki komai.

Ɗan Marsandi: Wannan ai yaudarar ido ce Baba. Rediyon da ba ya magana ado ne kawai.

Tsohon Direba: Kada ka ce min yaudara. Na girmi mahaifinka a tuƙi.

Ɗan Marsandi: Allah ya ba ka haƙuri, ba da kai nake ba, da rediyon nake.

Mai Bitil 65: Jama'a, har yanzu ba wanda ya ce min ga yadda zan yi da ramin nan.

Mai Walda: Ana samun guntun dashbod daga mataccen bodi, ko sabon faci da aka buga da siffar ramin. A yanka daidai, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan ana barinsa yana hucewa, don ƙarfen siriri ne, zafi ya yi yawa sai ya lanƙwashe. Amma ka tuna tankin man Bitil a gaba yake, dab da bayan dashbod. A fitar da shi tukuna, a janye wayoyi.

Mai Fijo: Bayan walda kuma ta zama asali ke nan? Tambaya nake.

Hajiya Mai Volvo: Yauwa! Abin da nake faɗa ke nan.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, bari in tattara. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda tsohuwar mota da tsohon rediyonta ta dace, kamar yadda Baba ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ni ma Blaupunkt ne a tawa, ban taɓa nadama ba. In ya daina magana, yawanci kafasitocin ciki, ƙananan na'urorin da ke riƙe wuta, su ne suka bushe, masu gyara suna sauya su ya dawo. Masu cewa babu wani abu wai shi asali ba su kawo hujja ba, taya da tabarma kawai muka ji. Maganar Marsandi da Fijo ba wurinta ba ne. Mai Bitil, ka bi shawarar Mai Walda, sannan ka nemo Frankfurt. Nan gaba kuma a riƙa tsayawa a kan masu wayarin in suna aiki.

Hajiya Mai Volvo: Shugaba, "kusan kowa" ɗin nan su waye? Kai da Baba ne kawai.

Mai Wayarin: Ba a yi mana adalci ba, amma na bar wa Allah. Sai dai tun da an ce ya nemo Frankfurt, ya duba bolt ɗinsa kafin ya jona. Wasu suna da wurin sauyawa tsakanin 6 da 12, in ya bar shi a 6 ya ba shi 12, ƙonewa zai yi nan take. In kuma na zamani zai ɓoye, kada ya haɗa wayar lasifika ko ɗaya da jikin mota irin yadda ake yi a da. Na yanzu kowace lasifika wayoyinta biyu ne, duka daga rediyon suke fitowa, ɗaya ta taɓa bodi amfilifayar ciki ta tafi. Mai Walda ba zai gaya maka wannan ba.

Mai Walda: Ni ka bar sunana a bakinka.