Kamfani ya yi wa sabuwar motata kiranye, dole sai na kai ta Abuja?

Na Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na ɗauko mota sabuwa dal a wurin dilan kamfani a Abuja, ko kilomita 4,000 ba ta cika ba. Jiya sai ga saƙo a waya wai kamfani na kiran irin motar saboda matsalar famfon mai, a kawo a canza. Motar kuwa lafiyarta ƙalau. Bakanikena a nan Gombe ya ce in sayo famfon ya ɗaura min cikin awa ɗaya. In bi shawararsa ko in kama hanya? Wa zai biya kuɗin aikin? Kuma ina da hurumin cewa a musanya min da wata?

Injiniyan Bolari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, kada bakanike ya kusanci tankin nan. Ba raina aikinsa ake yi ba. Ranar da aka buɗe wurin a wajen garejin dila, ka miƙa musu hujjar soke garantin duk abin da ya shafi layin mai, kuma a kwamfutar kamfani motarka za ta ci gaba da zama wadda ba a gyara ba. Ga wani abin haushi: famfon da za ka sayo a kasuwa zai iya fitowa daga rukunin da ake kiranyen a kansa.

Sai ka tabbatar saƙon na gaskiya ne. Kada ka kira lambar da ta turo shi, kira wadda ke jikin rasit ɗinka. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin riƙe layi ɗan damfara ne, domin kiranye kyauta ne, kaya da aikin hannu duka. Ka karanta musu lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma kan takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofa. Babu harafin I, O ko Q a cikinta, in ka ga abu kamar O to sifili ne. Da wannan lamba ake kiranye, ba da sunan mota ba. Motoci biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, a kira ɗaya a bar ɗaya, saboda ba rana ɗaya aka haɗa su ba.

Batun lafiyarta ƙalau kuma, haka wannan ciwo yake. Dubi na famfon kamfanin Denso da Toyota ta fara kiranye a kansa a Janairun 2020, motoci kusan 700,000 a Amurka kaɗai kafin a faɗaɗa shi, ya kuma shafi Honda da Subaru da Mazda. A cikin famfon akwai wata 'yar fankar roba mai tura mai. Robar ba ta yi ƙwarin da ya kamata ba, sai ta riƙa shan fetur tana kumbura a hankali, har ta fara gugar jikin gidanta. Rana ɗaya ta cije, mai ya daina zuwa, inji ya mutu ana cikin tafiya. Kafin nan wani lokaci za ka ji tana jan numfashi kafin ta tashi, ko tana shessheƙa in ka taka totur, ko fitilar inji ta kama a dashbod. Wani lokacin ba ta ba da sanarwar komai.

Bakaniken Fadaman Mada:
Injiniya ya gama magana, ni kan tafiyar zan ƙara. Yallaɓai, kada ka tashi daga Gombe sai an tabbatar maka famfon ya iso garejin kuma an rubuta lambar shasinka a kansa. Saƙon kiranye yakan riga kayan gyara isowa da makonni. Ka sa su turo maka rana da lokaci a rubuce.

Tambaye su kuma ko kiranyen na "kada a tuƙa" ne. Akwai irinsa, kamar na Toyota bZ4X a 2022 da tayar ke iya ficewa. In irin wannan ne, ka nemi su turo motar janwe ko ma'aikacinsu. In ba irin wannan ba ne, kuɗin mai da masauki galibi a kanka suke, amma ka tambaya ko suna da gareji a Kano ko Jos, ko ranar da masu gyaransu ke zagayowa.

In za ka tuƙa, yi tafiyar rana. Daga Gombe zuwa Alkaleri, Bauchi, Toro har Jos hanyar da sauƙi, inda nake jin tsoro shi ne gangaren Hawan Kibo. In inji ya mutu, birki ba ya ɗaukewa, amma iskar da ke taimaka masa taku biyu ko uku ta rage. Kada ka yi ta famfa shi. Taka sau ɗaya ka danne da ƙarfi, kunna fitilun haɗari, ka gangara gefe. Kada ka kashe makulli kana tafiya. Sitiyari zai iya yin tauri, riƙe da hannu biyu.

Fetur ne ke sanyaya famfon, don haka kada tanki ya sauka ƙasa da kwata a hanya. Amma kada ka cika shi a bakin Abuja, ka isa da ƙasa da rabi. A yawancin ƙananan motoci ta ƙarƙashin kujerar baya ake ciro famfon, a wasu manyan sai an sauke tanki gaba ɗaya, cikakken tanki kuwa wahala ce da ɓarnar mai. Aikin awa biyu ne zuwa uku. Ka ce a nuna maka tsohon da aka cire da kwalin sabon, kuma robar bakin tankin sabuwa za a sa. Kafin ka bar wurin, rufe gilasai minti biyar ka shaƙa. In ka ji warin fetur, robar ba ta zauna ba. Duba allurar mai ma, domin abin da ke auna man a jikin famfon yake, hannu kaɗan ke lanƙwasa shi.

Hajiyar Federal Low-cost:
Alhaji, kan musanya: kiranye gyara yake ba ka, ba sabuwar mota ba. Maganar musanya ko mayar da kuɗi tana tasowa ne in an gyara matsalar ta dawo, an sake ta dawo, ko aka ajiye motar wata da watanni babu kaya. A nan takarda ce za ta yi maka magana. Karɓi katin aiki mai ɗauke da lambar kiranyen, lambar kayan da aka sa, kilomitan da mita ta nuna, kwanan wata da hatimi. Ɗauki hoton dashbod lokacin da ka miƙa makulli. In dila ya fara wasa da kai, rubuta wa babban wakilin kamfanin a Najeriya, in shiru ka kai ƙorafi hukumar FCCPC, wadda dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa.

Za su iya cewa gurɓataccen mai ne ya jawo, tunda kowa ya tuna fetur mai methanol na Fabrairun 2022. Wannan hujja ba ta aiki a kiranye. Lambarka na cikin jerin, a canza kawai.

Na Jekadafari:
Allah ya saka da alheri. Ƙanena kuma tasa sabuwa ce amma ta Kwatano ta shigo, shi fa?

Injiniyan Bolari:
Nasa da ɗan wuya. Babu wanda zai turo masa saƙo, tunda kamfani bai san motar na Gombe ba. In ta kasuwar Amurka ce, ya sa lambar shasin a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai ga duk kiranyen da ba a yi ba. In ta Dubai ce, shafin ba zai nuna komai ba, kuma hakan ba ya nufin ta tsira, sai ya tambayi wakilin kamfanin na can. Dilan nan zai iya cewa ba shi ya shigo da ita ba, don haka ya buga sakamakon a takarda ya haɗa da wasiƙa. Ya fi mai da hankali kan jakar iska, domin ita ba ta shessheƙa, ba lallai ta kunna fitila ba, sai ranar karo.