Khaliyya da Hausa: amya, ɗaki ko ƙwaya?

Ustaz na Gadarif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da ilmin rayayyun halittu a sanawi, wato sakandare, a nan Sudan. A aji da Larabci muke yi, amma da la'asar yaran unguwa kan zo gida mu yi bita da Hausa. Jiya na aro mijhar, na'urar duba abin da ido ba ya iya gani, na ɓare albasa, na zare fatar nan ta ciki mai kama da leda, na shimfiɗa a gilashi na ɗiga mata aidin. Wata yarinya ta leƙa ta ce, "Ustaz, ai tubali ne aka jera!" Sai ta tambaye ni yadda za ta faɗa wa kakarta khaliyya da Hausa, wato kowane ɗaya cikin ƙananan "tubalan" nan da jikin mai rai ya ginu da su. Wallahi shiru na yi.

Baba na Mai Wurno: Wa alaikumus salam, ɗana. Balarabe gidan ƙudan zuma yake kira khaliyya. Mu kuwa muna da amya. Meye na wahala?

Malama daga Kasala: Baba, a gafarce ni. Amya ai gidan ne ɗungurungum, mu kuma rami ɗaya tak na cikin saƙar muke nufi. Amma ba ku yi nisa da hanya ba. Robert Hooke na Ingila, wanda ya raɗa mata sunanta na Turanci, "cell", a 1665, ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi ya yanka siriri ya duba, ya ce yana kama da saƙar zuma, ya kira ramukan da kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɗaki. Sai dai kango ya gani. Ɓawon matacce ne, bango kawai ya rage. Shi ya sa ba na son mu ce ɗaki: khaliyyar dabba ba ta da bango, farar ta jini ma sauya siffa take yi ta haɗiye ƙwayar cuta. Wane ɗaki ke yawo?

Ɗan Sinnar mai karatu a Kano: A nan rediyo "ƙwayar halitta" suke cewa. Wasu kuma a intanet suna rubuta "tantanin halitta".

Ustaz na Gadarif: Tantani kam ban yarda ba, domin ina da aikin da zan ba shi. Abin da littafinmu ke kira gisha'i, siririn rufin da ya kewaye khaliyya yana tace mai shiga da mai fita, shi ne tantani sak, irin na cikin ɓawon ƙwai. In na ba uwar sunan rigarta, me zan kira rigar? Jidari na tsiro kuma katanga, tubalin da yarinyar ta gani ke nan. Nawat, ɗan dunƙulen da ke cikin khaliyya, ba ta ba ni wuya ba: ƙwallo, kamar na dabino, Larabcin ma abin da yake nufi ke nan. Aidin ya rina shi ya fito ɗigo a kowace.

Malama daga Kasala: To ka gargaɗe su kada su ce kowace na da ƙwallo. Jar ta jinin mutum ba ta da shi in ta nuna. Ƙanƙantarta kuwa, sai an jera kusan 130 kafin su cika milimita ɗaya. Matsalata da "ƙwayar halitta" ɗaya ce, na sha jin an kira abin gado na cikin ƙwallon da sunan nan. Mu ware: khaliyya ƙwayar halitta, wancan ƙwayar gado.

Baba na Mai Wurno: Na janye amyata. Amma ku riƙa faɗa a cike. Kada yaro ya je gida ya ce Ustaz na koya musu ƙwaya.

Ustaz na Gadarif: Allah ya ja kwana, Baba, an ji. Saura mijhar. Na so in ce madubin hangen kusa, tunda muna da hangen nesa.

Ɗan Sinnar mai karatu a Kano: Ustaz, ai albasar da ma kusa take. Girma aka ƙara mata: gilashin ido 10, na ƙasa 40, sau 400 ke nan. Madubin ƙara girma ya fi.

Ustaz na Gadarif: Ya yi tsawo, amma na karɓa. Gobe zan sa su kankaro cikin kumatunsu su duba tasu, wadda ba ta da katanga. Kakar ma ta aiko cewa za ta zo ta leƙa da idonta.