Besbol irin na da: ta ina ake fara kafa kulob?

Garba_T: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu goma sha ɗaya ne a nan Amurka, muna son kafa kulob na besbol (wasan bugun ƙwallo da sanda) irin na ƙarni na 19, wanda ake yi babu safar hannu. Fili dai mun samu. Me za mu fara saya, kuma wace doka ake bi?

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam, Malam Garba. Kada ku sayi ko allura sai kun tsai da shekara, domin a wancan zamanin dokokin ba sa zama wuri ɗaya. Ku bincika shekarar da kulob-kulob na kusa da ku suke bi, ku bi ta, in ba haka ba za ku rasa abokan karawa. Da yawa 1864 suke bi, amma a Greenfield Village, wani gidan tarihi a jihar Michigan, dokar 1867 ake yi. Bambancin ba ƙarami ba ne. A 1864, in aka cafe ƙwallo bayan ta dira ƙasa sau ɗaya, mai bugu ya fita. Daga 1865 aka soke wannan ga ƙwallon da ta faɗi cikin fili, sai an cafe ta a sama.

Abin da ya fi fitar da sababbi shi ne zango na farko, wato wurin tsayawa na farko da mai bugu ke ruga wa bayan ya buga ƙwallo: ba a zarce shi da gudu kamar yau, sai 1871 aka yarda da haka. Ka wuce, a taɓa ka da ƙwallo, ka fita. Sannan inda ƙwallo ta fara dira shi ake dubawa. In ta dira cikin fili ta gangara waje, tana nan da rai. Jifan da ake yi wa mai bugu kuwa ta ƙasa ake yin sa, ba ta saman kafaɗa ba. Ƙungiyar VBBA ta kulob-kulob masu besbol irin na da, wadda aka kafa a Columbus ta Ohio a 1996, tana da dokokin shekarun a rubuce.

Hajiya Rabi: Malam ya gama magana kan doka, bari in ƙara ta awo. Tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne, daga gida (inda mai bugu ke tsayawa) zuwa layin mai jifa ƙafa 45. Kada ku auna kusurwa da ido. Ku kafa turke a gida, wani a zango na biyu, tazarar ƙafa 127 da inci 3. Ku ɗaura igiya mai ƙafa 180 a kansu, ku ja tsakiyarta dama har ta miƙe, nan ne zango na farko. Ku ja hagu, na uku. Zangunan buhunan tamfol ne, ƙafa ɗaya kowane gefe, cike da yashi ko garin katako. Gida faifan ƙarfe ne kewayayye, an shafe shi da farin fenti.

Ƙwallon fata ce guda ɗaya, an ɗinke ta kunne huɗu, nauyinta oza biyar da rabi zuwa biyar da kwata uku. Sabuwa tauri gare ta, don haka ku yi atisaye da wadda ta sha bugu. A cafe da hannu biyu, yatsu a sake, a janyo hannuwan zuwa jiki. Mai miƙa yatsu tsaye gaban ƙwallo shi ke targaɗe. Sanda ta katako ce, kaurinta kada ya wuce inci biyu da rabi.

Garba_T: Na gode Malam, na gode Hajiya. To mu sha ɗaya mun isa? Kayan sawa fa?

Malam Isiyaku: Ba ku isa ba, gaskiya. Tara ake sa wa fili, amma ranar wasa wani na wurin aiki, wani yatsa ya kumbura. Ku nemi kamar 15, da alƙalin wasa da mai rubuta maki. Kaya su zo ƙarshe; riga mai allon ƙirji ɗinki ce ta oda, tana cin kuɗi da lokaci, farar riga da baƙin wando da hula iri ɗaya sun wadatar a kakar farko. Abin gaggawa inshora ce, don galibin hukumomin filayen gari ba sa ba da izini sai sun ga takardarta. Ku kuma nemi wani gidan tarihi na kusa ya ɗauki nauyinku, kamar yadda 'yan kulob ɗin Ohio Village Muffins suka taso a 1981 ƙarƙashin hukumar tarihin jihar. Jadawalin kulob-kulob tun da hunturu yake cika, saboda haka ku rubuta musu yanzu ku nemi ranaku.