Ƙafafun Gizon da nake saƙa wa ɗana sun ƙi tsayawa

Maman Anas, Makka:

Assalamu alaikum mata masu kwarashi. Ina neman shawararku. Ɗana shekararsa biyu da rabi, a nan Shara Mansur aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa. Tun da Hajiyarmu ta dawo gidanmu da zama take yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha'i, yanzu da ta ce ga ta nan ga ta nanku sai ya amsa mata, har yana kwaikwayon tsamin bakin Gizo. Wannan ce Hausar farko da ya riƙe da kansa, shi ya sa na ƙudura sai na saƙa masa Gizon da zai riƙa kwana da shi.

Na sayi baƙin ulu dunƙule biyu da kwarashi mai lamba 4. Jikin ya fito, sai dai farar audugar da na cusa tana leƙowa ta tsakanin idanun saƙar. Ƙafafun kuwa sarƙa kawai na yi na ɗinka, duk sun zube kamar jiƙaƙƙiyar taliya. Wata maƙwabciyata ta ce in sa waya a ciki, zuciyata ba ta kwanta ba, don komai ya samu baki yake kaiwa. Sannan ƙanwar babansu ta ce min kada in ajiye siffar abu mai rai a ɗaki. Wannan ma ya tsaya min a rai.

Ummu Rahaf, Jidda:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Waya kam kada ki soma. Ko kin naɗe bakinta, wanki biyu uku za ta huda ulun ta fito.

Kwarashinki ne ya yi wa zaren girma. Saƙar 'yar tsana, wadda mutanen Japan ke kira amigurumi, ana yin ta da kwarashin da bai kai lambar da aka rubuta a takardar zaren ba, don idanun su matse. Sauko zuwa 3, ko 2.5 in zaren siriri ne. In da hali ki koma zaren auduga, ya fi ulun roba tauri, kuma ba ya yin gashi bayan wanki.

Ki fara da zobe, ido 6 na gajeren saƙa, wanda a bidiyon Larabawa za ki ji suna cewa hashwu. Kowane zagaye ki ƙara 6, wato 12, 18, 24, 30, 36. Ki yi zagaye shida ba ƙari ba ragi, sannan ki fara ragewa da shida shida. In kin iso 18 ki tsaya ki cusa auduga, ƙanana ƙanana kina turawa da gindin biro, kada ki danna dunƙule guda. Wannan shi ne cikin. Shi kuma kan Gizon, ki tsayar da ƙarin a 24. Ki maƙala ɗan jan zare a farkon kowane zagaye, don a baƙin ulu ido ba ya ganuwa, ni da rana kusa da taga nake saƙa shi.

Ƙafa kuma bututu za ki yi, ido 6 kina zagayawa har ta kai tsawon yatsanki. Ki cusa auduga a rabin ƙasa da rabin sama, ki bar tsakiya babu komai. Sai ki lanƙwasa ta a nan, ki ratsa allura sau biyu ta cikin lanƙwasar ki ja ki ƙulle, gwiwa ta fito ke nan. Guda takwas ne, akwai cin lokaci, ni biyu nake yi a zama ɗaya. Abin da mutane da yawa ke kuskurewa, dukkan ƙafafun gizo a sashen gaba suke, inda kan yake, huɗu dama huɗu hagu. In kika ɗinka su a jikin cikin sai ya fito kamar kaska.

Hajiya Inna, Madina:

'Yata, maganar ƙanwar mijinki ba ta raini ba ce, tsoron Allah ne ya sa ta faɗa, ki amsa mata da ladabi. Sai dai kayan wasan yara malamai da yawa sun ware su. A Bukhari da Muslim, Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa na ulu, in yaro ya yi kukan abinci a miƙa masa har lokacin buɗe baki. Abu Dawud kuma ya kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga 'yan tsanan Nana A'isha, cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle, ya yi dariya. Wasu malaman sun fi son kada a fito da fuska sosai, to ki bar shi ba baki ba hanci.

Idon roba da ake sayarwa a leda kada ki sa wa yaron da bai kai shekara uku ba. Jikata ta taɓa ɓalle ɗaya da haƙori, da yatsa na zaro shi daga kuncinta, jikina na rawa. Ki ɗinka idon da farin zare, ki ɓoye ƙullin a cikin audugar.

Kuma ke da kike Makka, dutsen Saur yana kudu da ku. In ya ƙara wayo ki nuna masa, ki ba shi labarin da muka taso muna ji na gizo-gizon da ya yi saƙa a bakin kogo lokacin hijira, kada ya tashi da Gizo mai wayon cin tuwon mutane kaɗai.

Maman Anas, Makka:

Allah ya saka muku da alheri. Daren jiya na warware jikin gaba ɗaya na sake da lamba 3, ko ɗigon fari ba ya leƙowa. Ƙafa uku sun kammalu, na ɗora su a kan tire suka tsaya da gwiwarsu. Na karanta wa ƙanwar babansu hadisin Rubayyi'u, ta ce in an gama in kawo ta gani. Ummu Rahaf, yatsana ya yi ja saboda matsewar saƙar, haka yake yi miki ko ni ce nake jan zaren da ƙarfi? Anas ya riga ya ɗauke ƙafa ɗaya ya kai wa Hajiya, yana tambayarta ina Ƙoƙi.