Vector da raster: me za mu kira su da Hausa?

1/ Jiya wata Hajiya mai sayar da turaren wuta ta kawo tambarinta shagonmu na ɗab'i, tana so a buga mata a babban allon talla. Ta WhatsApp aka turo mata shi. Da na buɗe a CorelDRAW, manhajar zane, na ƙara masa girma, sai bakin haruffan ya koma kamar haƙoran zarto. Na ce, "Hajiya, sai an samo vector." Ta ce, "Mene ne kuma wannan, ɗana?" Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗinta ne zai salwanta saboda rashin kalma ɗaya.

2/ Samo wa raster suna bai ba ni wahala ba. Hotunan raster, irin su fayilolin JPEG da PNG, ɗigo-ɗigo ne a jere, kowanne da launinsa, kuma a ƙirge suke. Hoto mai ɗigo 500 a faɗi, ko bango guda ka shimfiɗa shi, 500 ɗin ne dai, sai dai kowane ɗigo ya kumbura. Mu ce "hoton ɗigo".

3/ Vector ne muka sha muhawara a kansa. Fayilolinsa, irin su SVG, AI, EPS da CDR, ba ɗigo suke ajiyewa ba, umarni ne: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa, cika da kore. Kowane girma ka nema, kwamfuta ta sake zana shi tas. Abokin aikina ya ce "zanen lissafi". Ba ƙarya ya yi ba, amma sunan bai nuna wa mai tambari amfaninsa ba.

Ni "zayyana" na zaɓa. Ku dubi dagin Arewa. Wanda ya san yadda layukansa suke sarƙewa zai fitar da shi a babbar riga, magini kuma ya fitar da shi a bangon soro, ba tare da ya dushe ba.

4/ Amma a kula: a jefa hoton ɗigo cikin CDR ko PDF bai mayar da shi zayyana ba. Sai an sake bin layinsa.

5/ PNG ɗin da babu komai a bayansa kuwa, "marar shimfiɗa". JPEG tun 1992 don hotunan kyamara aka yi shi, bai iya wannan ba, shi ya sa tambari yake fitowa cikin farin akwati.

'Yan'uwa masu ɗab'i na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka koyi aikin da Faransanci, me kuke ce wa kwastoma in ya zo da hoton ɗigo?